Burin mutum ɗaya, bashin gida duka



Akwai tambayar da ƴan kasuwa da ma'aikata suka saba yi wa duk wanda suka gani riƙe da ƙagaggen labari, wato irin littafin nan da Faransawa ke kira roman. Sukan ce: me magidanci mai iyali zai samu a cikin labarin da wani ya zauna ya ƙaga? In tarihi kake so, ga littattafan tarihi nan. In kuwa nishaɗi ne, ga rediyo, ga hirar bakin kanti. Tambayar tana da hujja, domin lokacin mai neman abinci tsada gare shi. Amma ina da amsa, kuma na samo ta daga wani nau'in littafi guda: wanda marubuci ke ɗaukar zamanin da aka yi da gaske, da sarakunansa da yaƙe-yaƙensa, sa'an nan ya dasa wani gida a tsakiyarsa, ya bi ƴaƴan gidan da jikokinsa yana nuna abin da burin kowannensu ya jawo.

Littafin tarihi yakan gaya maka shekarar da birni ya faɗi da sunan wanda ya ci shi. Wannan kuwa zaure yake shigar da kai, ya nuna maka maigida a daren da bai san birnin zai faɗi ba, yana ta lissafin wane ɗa zai tura karatu, wane zai tura fatauci, wace ɗiya zai ba wane. Abin da na tsinta a cikin irin waɗannan littattafai, kuma nake so mu tattauna a yau, shi ne cewa mutum ɗaya ke yin buri amma gida duka ke biyan kuɗinsa, kuma ba a sanin riba aka ci ko faɗuwa aka yi sai bayan zamani ya juya.

Gidan Dusika

Littafin da ya fi nuna mini haka shi ne Ségou na Maryse Condé, wanda ya fito a Faransa cikin juzu'i biyu, na farko a 1984, na biyu a 1985. Marubuciyar ba ƴar Mali ba ce. An haife ta a tsibirin Gwadalup a 1934, daga zuriyar bayin da aka tsallaka teku da su. Ta yi shekaru tana koyarwa a Gine da Gana da Senegal, ta rasu a Faransa a 2024. Saboda haka ta rubuta labarin ne da idon wadda ke neman inda aka fizge kakanninta, abin da ya sa ba ta tsaya a fadar sarki kaɗai ba, ta bi har waɗanda aka sayar.

Segu daula ce ta Bambarawa a bakin kogin da su ke kira Joliba, wato wannan kogin Isa da ke ratsa Yamai. Biton Kulibali ne ya kafa ƙarfinta a farkon ƙarni na 18. Bayansa mulki ya koma hannun Ngolo Jara, wanda shi kansa a da kamamme ne, daga shi kuma sai ɗansa Monzon. Arzikin daular daga yaƙi yake fitowa: a kai hari, a kwaso ganima da bayi, a sayar, a sayi dawaki da bindigogi, a sake kai wani harin. Labarin ya buɗe ne a ranar da wani Bature ya bayyana a ƙetaren kogi yana neman izinin ganin sarki. Wannan ba ƙage ba ne: Mungo Park, mutumin Sikotland, ya iso gaban Segu a watan Yuli na 1796, kuma Monzon ya hana shi shiga birnin. A wannan rana da gari ya fita kallon baƙon, wata ƙwarƙwarar Dusika Traore, Bafillatana mai suna Sira, tana kan gwiwa.

Dusika bafade ne, ɗan asali, mai kujera a majalisar sarki, mai gonaki da bayi da mata. In ana neman wanda ya ci nasara a Segu ta wancan lokaci, to shi ne. Ba a daɗe ba abokan gabarsa na fada, da wani Samake a gabansu, suka ƙulla masa sharri, sarki ya sallame shi daga majalisa, baƙin ciki ya kwantar da shi har ya mutu. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin an karanta sunan wani a rediyo da dare, da safe kuma an ga wani a kujerarsa, ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba. Sai dai faɗuwar Dusika mafari ce kawai. Abin da littafin ya sa gaba shi ne ƴaƴansa maza huɗu, waɗanda kowannensu ya bi ɗaya daga hanyoyi huɗu da ƙarni na 19 ya buɗe wa matashin Afirka ta Yamma: addini, fatauci, bauta da bindiga.

Hanyoyi huɗu

Cekoro, babban ɗa, ɗan uwargida Nya, shi ya bi hanyar addini. Abin da ya fara jansa zuwa ga Musulunci rubutu ne: ya ga wani malami yana zana baƙaƙe da alƙalami, zuciyarsa ta kama. Ya musulunta a gidan da ake yanka wa gumaka, ya tafi Tambutu karatu, ya zauna a Jenne, daga baya har Sakkwato ya kai, ya auro mata daga can. Ya komo gida malami, ya buɗe makaranta a cikin gidan ubansa. Marubuciyar ba ta mai da shi waliyyi ba. Ta nuna imaninsa na gaskiya ne, amma a cakuɗe yake da girman kai da son a ce shi ne. A ƙarshe, lokacin da Segu ta fara jin tsoron Musulmin da ke kewaye da ita, wani ɗan uwansa na jini ya kai ƙararsa fada, aka yanke masa hukuncin kisa.

Siga shi ya bi hanyar kasuwa, kuma shi ne na fi jin tausayi. Rana ɗaya aka haife su da Cekoro, amma shi uwarsa baiwa ce, saboda haka da aka tashi tafiya Tambutu, rakiya aka tura shi. Malamin da ya karɓi Cekoro ya kore shi daga ƙofa. Ya kwana a titi, ya shiga cikin masu koran jakuna, ya yi ta dako har wani attajiri ya ga amanarsa ya tura shi birnin Fas na Maroko. A can ya ga yadda majema da masu sayar da fata suke zama manyan gari, ya koyi sana'ar tun daga jiƙa fata har zuwa rini. Ya komo Segu da matarsa Fatima da burin kafa majema wadda za ta kai fatun Segu kasuwannin arewa. Lissafinsa daidai yake: ga shanu, ga ruwa, ga masu saye. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne garinsu, inda aikin fata na dukawa ne, kuma abin kunya ne a ga ɗan gidan Traore da hannu cikin ruwan jima. Dangi suka juya masa baya, masu sana'ar ta gado suka ƙi ba shi hannu, majemar ta mutu. Mutumin da ya ci nasara a baƙon gari da guminsa ya faɗi a garinsu saboda sunan ubansa, uban da bai taɓa ɗaukarsa daidai da ɗan uwargida ba.

Naba bai zaɓi hanyarsa ba. Ya fita farauta yana yaro don ya nuna shi ma namiji ne, masu satar mutane suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har tsibirin Gore, inda ya zama mai kula da lambun wata attajira. Daga nan ya bi wata yarinya Bayarabiya cikin jirgin bayi zuwa Barazil, ya aure ta, a can kuma aka kashe shi. A nan ne littafin ya fi ɗaci, domin gidan da ya yi arziki da kamun bayi shi ne aka kama ɗansa aka sayar, ta hanyar nan da gidan ya san ta sarai.

Malobali, ɗan da aka haifa ranar zuwan Bature, ya bar gida saboda ƙin zama ƙarƙashin Cekoro. Ya zama sojan haya a rundunar Asante, ya gangara bakin teku har Wida, inda ya auri Romana, wato matar nan da Naba ya bari, wadda ta komo daga Barazil da ƴaƴanta. Ya shiga cinikin manja a daidai lokacin da Turawa suka fara neman manja fiye da bayi, ya samu kuɗi. Da kewar gida ta kama shi ya kama hanyar Segu, aka tsare shi a Abome bisa zargin leƙen asiri, bai ƙara ganin kogin Joliba ba.

Waɗanda suka biya

Mai karatu da ke gaggawa zai bi mazan nan huɗu ya manta da waɗanda aka bari a baya, alhali a wurinsu ne lissafin yake. Uwar Siga rijiya ta faɗa. Nadiye, wadda Cekoro ya ɗauka ba aure, ta bi shi cikin wahalar baƙunci ta haifa masa ƴaƴa, da ta ga ana shirin nema masa ƴar sarauta wadda ta dace da sunansa, ita ma rijiya ta faɗa. Sira ta gudu ta koma Masina wurin danginta, ta bar ɗanta a hannun uwargida. Fatima ta baro Fas da gidajenta na bene ta zo ta tsufa a garin da ba ta jin harshensa sosai. Romana ta binne miji biyu, wa da ƙane. Nya kuwa ta zauna a tsakar gida tana ƙirga ƴaƴan da suka fita ba su komo ba.

Ba wanda ya shawarci ko ɗaya daga cikinsu kafin a yanke shawarar da ta canza rayuwarta. Da na kai nan a karatu sai na tuna yadda muke ba da labarin manyanmu. Mukan ce Alhaji wane ya fara da tallan goro a faranti, ya ƙare da kamiyo goma. Ko wane ya tafi lakwal ba takalmi, ya ƙare darakta a Yamai. Labarin gaskiya ne, amma rabinsa ne. Ba mu cika faɗin ƙanen da aka cire daga makaranta don ya tsare kanti ba, ko uwar da ta sayar da akuyoyinta da kwanonin aurenta aka yi jarin farko, ko matar da ta yi shekara bakwai tana surfe da saƙa mijinta yana Kumasi, ko ɗiyar da aka aurar don a ƙulla hulɗa da wani maigida. Marubucin tarihi ba ya samun waɗannan a takardun buro, domin ba wanda ya rubuta su. Mai ƙaga labari ne kaɗai ke da ikon mayar da su cikin lissafi, kuma a ganina wannan shi ne babban amfaninsa.

Wa ya ci nasara?

In ka tambaye ni wane ne ya ci nasara cikin ƴaƴan Dusika, sai in ce maka: a wace shekara kake tambaya? A zamanin Monzon, Cekoro ɗa ne da ya watsar da kakanninsa, abin kunyar gida. Amma a 1818 Shehu Amadu ya kafa daular Musulunci a Masina, maƙwabciyar Segu. Bayansa kuma sai ga Alhaji Umaru Tal, mutumin Futa, wanda a kan hanyarsa ta komowa daga Makka ya yi shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har ya auri ɗiyarsa. Rundunarsa ta shiga Segu a watan Maris na 1861. Daga wannan rana sunan ɗan da aka kashe saboda addini ya zama abin da gidan ke taƙama da shi. Ba a cika shekara 30 ba kuma, a watan Afrilu na 1890, sojojin Faransa ƙarƙashin Archinard suka ci birnin, darajar ta koma wurin wanda ya iya Faransanci. Sunan juzu'in farko yana nufin ganuwar ƙasa, na biyu kuma ƙasar da ta marmashe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma littafin ya nuna tsagewar daga cikin gidaje ta fara, tsakanin wa da ƙane, tsakanin ɗan uwargida da ɗan baiwa, tun kafin maƙiyi ya iso ƙofar gari.

Mu da muke karatu a yau mun san ƙarshen labarin, shi ya sa yake da sauƙi mu ce wane ya yi wauta, wane ya yi hangen nesa. Su ba su sani ba. Wannan ne darasi na biyu da irin wannan littafi ke koyarwa: yana mayar da kai cikin duhun da mutanen da suke ciki, har ka daina yi musu hukunci da hasken da ba su da shi.

Tafintan da ya zama attajiri

Akwai littafi na biyu da nake ajiyewa kusa da na farko, domin ya ɗauki labarin daga inda wancan ya tsaya, wato zamanin da Faransawa suka riga suka zauna. Shi ne L'Étrange destin de Wangrin na Amadu Hampate Ba, mutumin Bandiyagara, wanda ya fito a 1973 ya kuma samu babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1974. Marubucin ya dage cewa ba ƙage ya yi ba: ya san mutumin, daga bakinsa ya ji labarin, sunaye kawai ya sauya bisa alkawari. Duk da haka ana karanta shi kamar ƙagaggen labari, kuma ya dace da shafinmu ƙwarai, domin Wangrin ya yi aikin gwamnati ya kuma yi kasuwanci.

Ya fito daga lakwal ɗin da Faransawa suka buɗe a Kayes don ƴaƴan sarakuna, aka tura shi koyarwa. Nan da nan ya gane ba a hannun mushe iko yake ba, yana hannun tafinta, mutumin da ke tsaye tsakanin kwamandan da talakawa, wanda in ya so ya ƙara magana, in ya so ya rage. Ya ture tafintan da ya tarar ya hau kujerarsa. A lokacin yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, da aka riƙa karɓar shanu daga talakawa don ciyar da soja, ya yi amfani da takardun da wani jami'in Bafaranshe ya sa wa hannu ba tare da ya duba ba, ya karkatar da shanu yana sayarwa. Da magana ta kai gaban shari'a kuma ya fita fes. Wani tafinta mai suna Romo ya sauke shi a gidansa ya karrama shi, shi kuwa ya dubi daular da mai masaukinsa ke ciki ya gaya masa a fili cewa kujerarsa zai ƙwace, ya kuma ƙwace. Daga baya ya ajiye aiki ya buɗe kamfani, ya yi gogayya da gidajen cinikin Turawa a kasuwarsu.

Ba za ka iya ƙin Wangrin gaba ɗaya ba, domin abin da ya ƙwata daga masu ƙarfi yakan raba wa makafi da gajiyayyu, kuma a zamanin da baƙin mutum ba shi da bakin magana, shi ya mai da masu mulki abin wasansa. Amma dubi ƙarshensa. Ya ɗauko wani Bature da matarsa su riƙe masa harkoki, matar ta koya masa giya, suka kwashe dukiyar suka gudu. Ya ƙare yana yawo a titi yana ba da labarin kansa, ya mutu a cikin lambatu a wani dare na ruwan sama, Romo abokin gabarsa na cikin waɗanda suka yi masa sutura. Ƴaƴan Dusika sun yi buri gida ya biya. Wangrin kuwa ya tara komi a kan wayonsa shi kaɗai, saboda haka ranar da wayon ya dushe, dukiyar ta riga shi mutuwa.

Tun a 1377 Ibn Haldun ya rubuta a cikin Muƙaddima cewa darajar gida ba ta cika wuce zuriya huɗu ba. Na farko shi ya gina, ya san wahalar da ya sha. Ɗansa ya gani da idonsa, ya koya daga gare shi. Jika ji kawai ya yi, yana kwaikwayo. Na huɗu kuwa yana zaton a jininsa darajar take, saboda haka sai ya raina mutanen da suka ɗaga gidan, su kuma su watse su bar shi. Malamin ya ba da ƙa'idar a taƙaice. Littattafan nan biyu sun sa mata fuska da suna, har ka ji kamar maƙwabtanka ne.

A ƙofar gidanmu

Ba sai mun je Segu ba kafin mu ga zamani yana sauya ma'aunin nasara. A ƙarshen ƙarni na 19 ba attajirin da ya kai Malam Yaro a Damagaram, wanda ayarinsa ke ratsa hamada har Tarabulus. Da Faransawa suka ci garin a 1899 ya yi hulɗar ciniki da su, amma a 1906 sunansa ya fito cikin waɗanda aka zarga da shirya tawaye, a shari'ar nan da ta sa aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa aka kai shi Kodibuwa. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka koma bin teku, fataucin hamada ya shiga mutuwa. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai. Cikin shekara 30 duk abin da mutum zai jingina arzikinsa da shi a wannan gari ya gusa.

Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da yawansu da sayen gujiya wa kamfanonin Turawa suka tashi. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gujiya, waɗanda suka tsira su ne suka juya ga safarar kaya zuwa Nijeriya. Ita ma wannan hanya ba a hannunsu makullinta yake ba: Nijeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, kowane karo kuma akwai gidajen da ba su sake miƙewa ba. Ma'aikaci ma haka. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa, uban da ɗansa ya samu aikin gwamnati gani yake ya gama aikinsa na duniya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, ga kuma bashin albashi na watanni da ma'aikata suka yi ta bi a shekarun nan. Ɗan da aka bari a kasuwa don ba shi da ƙwaƙwalwar lakwal, a gidaje da dama shi ya riƙa auna wa darakta hatsi. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya.

Akwai gidajen da suka tsallake zuriya huɗun Ibn Haldun. Alhasan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin ya koma gujiya, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Abin lura a nan shi ne kowace zuriya ta sauya hajarta da zamani ya sauya, abin da Segu ta hana Siga yi. Ƴan kasuwarmu suna da kalmar da ta fi kowace bayyana sirrin, wato arzikin mutane. Maigidan da ya tashi barorinsa ya ba su jari, ya koya wa ƴaƴansa sana'a tun yana da rai, ya daidaita tsakanin ɗakunan matansa, ya bar abin da rufe iyaka ba ya cinyewa. Wanda ya riƙe makulli a aljihunsa har ranar mutuwa, gadonsa a gaban alƙali yake ƙarewa.

Abin da za a kiyaye

Ban ce a ɗauki Ségou a matsayin littafin tarihi ba. Dusika da ƴaƴansa ba su taɓa rayuwa ba. Akwai wuraren da marubuciyar ta cika gishiri, haɗuwar ƴan uwa a ƙasashe masu nisa ta yi yawa har ta wuce hankali, kuma Musulmi mai karatu zai ga ta fi ganin takobin masu jihadi fiye da iliminsu. Ni kaina ban yarda da duk yadda ta zana Alhaji Umaru ba. Wanda ke son sanin abin da ya faru, ya nemi malaman tarihi. Wanda ke son ya ji yadda abin ya kasance a zukatan waɗanda ya faɗa wa, ya karanta wannan, yana riƙe da hankalinsa.

Abin da ya rage mini shi ne kishi. Muna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace har cikin hamada. Muna da Sarraounia na Abdullahi Mamani, na 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Amma ina so in ga ranar da wani ɗan Maraɗi ko Tawa ko Damagaram zai ɗauki gida guda na fatake, ya bi shi da Hausa tun daga ayarin raƙuma, ya ratsa zamanin gujiya da aikin tilas, har zuwa jikan da ke sayen kaya a Dubai ta wayar salula, ba tare da ya manta da matan gidan da barorinsa ba. Kayan aikin suna nan a bakin tsofaffinmu, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasu.

Kafin a samu mai rubutawa, kowane maigida yana iya yin nasa lissafin. Ya zauna da tsohuwar da ta rage a gidan ya tambaye ta: jarin farko daga ina ya fito, wa aka hana don a ba wane, wa ya tafi bai komo ba? In mai bashin yana da rai, a biya shi ko da da godiya ce. In ya rasu, ƴaƴansa suna nan. Sa'an nan ya dubi nasa burin na yau ya tambayi kansa wa zai biya kuɗinsa, kuma ko an shawarce shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya ba mu arziki mai albarka, ya sa ƴaƴanmu su gaji zumunci kafin su gaji dukiya. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.